Yadda Ake Neman Abinci da Bidiyon Duba Otal-Otal a Kaduna

Kaduna gari ne na baƙi masu kwana ɗaya zuwa uku. Ga wanda ya kawo mahaifiyarsa asibitin ido na ƙasa da ke hanyar Mando aka ce su dawo gobe da sassafe, ga iyayen da suka zo bikin yaye 'ya'yansu a makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, ga ɗan kasuwar da ya zo baje kolin ƙasa da ƙasa a hanyar Zariya, ga 'yan biki daga Kano da Sakkwato, ga ma'aikacin da jirgin ƙasan Abuja ya sauke a Rigasa da yamma alhali yana da taro washegari. Dukansu tambaya ɗaya suke yi: ina zan kwana? Amsar da yawancinsu ke samu ta direban Keke Napep ce, ko ta wani ɗan'uwa da ya shekara biyar bai leƙa otal ɗin da yake yabo ba. Hotunan da otal-otal ke sakawa a intanet kuwa, da yawansu tun makon da aka buɗe wurin aka ɗauke su.

Nan kasuwarka take. Amma tun kafin ka fara, ka san cewa mutumin da ya kalli bidiyonka a Gusau ya tura kuɗin ɗaki bai taɓa ganin wurin ba, kai ya gani ya yarda. Otal ɗin da zai biya ka wata rana, wannan yardar yake saye. Wahalar sana'ar ita ce wanda kake dubawa shi ne kuma mai kuɗin, don haka rabin abin da zan faɗa a nan dabarun raba waɗannan biyun ne.

Mataki na farko: san wanda kake yi wa magana

Masu wannan aikin da Turanci sun fi tsayawa a wurin ninkaya, da mashaya, da kyan fitilun ɗaki. Bahaushen da ya taho da iyalinsa ba nan hankalinsa yake ba. Yana so ya ji ko akwai buta ko bututun tsarki a banɗaki, ko an nuna alƙibla, ko akwai masallaci a harabar ko sai an fita titi da asuba. Ana sayar da giya? Idan ana sayarwa, kiɗan yana kaiwa ɗakunan kwana? Mace ita kaɗai da ta zo taron aiki, ana ba ta ɗaki cikin mutunci ko sai an bi ta da kallo? A Kaduna waɗannan tambayoyin suna da nauyi, domin otal ɗin Barnawa ko Narayi da na Malali ko Unguwar Rimi ba lalle tsarinsu ya zo ɗaya ba, kuma baƙo ba ya ganewa sai ya riga ya sauke kaya. Aikinka ka faɗi abin da ke akwai ba tare da wa'azi ba. Mai neman shiru ya san inda zai nufa, mai neman kiɗa shi ma ya sani.

Sannan ka tsayar da farashin da za ka fi mayar da hankali a kai. Manyan otal-otal sun fi kyau a bidiyo, amma wanda zai kira ka ya ce ka ba shi lambar wurin, yawanci mai matsakaicin aljihu ne. Ka haɗa da gidajen haya na 'yan kwanaki masu kicin da falo, domin su 'yan biki da masu jinya suka fi nema yanzu.

Mataki na biyu: kayan aiki

Wayar hannunka ta isa, muddin kyamararta na gani a ɗaki mai ƙarancin haske. Ƙara ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga, da sandar ɗora waya mai ƙafa uku, da fawa bank, da tocila. Manhaja irin CapCut ta wadatar wajen yanka da haɗawa. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa jure muryar da ƙarar janareto ta cinye, don haka idan kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi makirfo. Kada ka ci bashin babbar kyamara. Kuɗin nan ɗakuna za ka kama da shi.

Mataki na uku: kwana da kuɗinka, a matsayin baƙo

Ware kuɗin otal takwas zuwa goma, ko da wata uku za ka ɗauka kafin ka zagaye su. Wannan shi ne jarinka na gaskiya. Kada ka sanar da kowa cewa dubawa ka zo yi, domin da zarar manaja ya ji, ɗakin da ya fi kowane kyau za a buɗe maka, a sauya tawul, a bar janareto har safe.

Fara da waya. Kira ka tambayi farashin kowane irin ɗaki, ka rubuta. Idan ka isa wurin karɓar baƙi ka sake tambaya, ka ga ko maganar ta zo ɗaya. Tambayi ko farashin ya haɗa da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun 2020, da kuɗin hidima da wasu ke ɗorawa, da kuɗin ajiya da ake mayarwa ranar fita. Sau da yawa abin da ke jikin allo daban, abin da za a cire a katinka daban, kuma mai kallo adadin ƙarshen yake so ya ji. Tambayi ko suna karɓar tiransifa da POS. Karɓi rasit, ka adana shi. Lokacin shiga ɗaki yawanci ƙarfe 2 na rana ne, fita kuma 12, amma ka ji abin da suke caja idan mutum ya wuce lokaci, domin mai jiran jirgin yamma zai so ya sani.

Da an buɗe maka ɗaki, kafin ka ajiye jaka a kan gado, kunna kyamara. Faɗi abin da hancinka ya ji, tunda waya ba ta ɗaukar wari: warin taba ne, ko na sanyin bango, ko turaren da aka fesa da yawa don a danne wani abu. Daga nan ka yaye zanin gado ta kusurwar kai, ka haska ɗinkin gefen katifa da tocila, ka bi shi a hankali da yatsa kana buɗe ninkin. Idan ka ga ɗigo-ɗigon baƙi a jere kamar an yayyafa tawadar allo, kashin kuɗin cizo ne, ko da ba ka ga ƙwaron ba. Leƙa bayan allon gado ma. Cire rigar matashin kai ka ga abin da ke ciki.

Banɗaki shi ne inda otal ke tona asirin kansa. Buɗe shawa ka ga ƙarfin ruwan. Kunna hita ka duba agogo, ka faɗi minti nawa ruwan zafi ya ɗauka, domin a sanyin Disamba da Janairu babu tambayar da ta fi wannan. Kora masai ka tsaya ka ga ko tankin ya sake cika. Idan ka tarar da babban bokiti cike da ruwa an ajiye a gefe, ba ado ba ne, famfon wurin yana ɗaukewa, kuma ma'aikatan sun sani. Dawo ɗaki ka gwada sakatar ƙofa, ka duba ragar taga saboda sauro, ka ga ko akwai soket kusa da gado. Kunna iyakwandishan ka zauna rabin awa, domin akwai mai ƙara kawai babu sanyi.

Sai maganar wuta, wadda ita ce zuciyar duk wani bidiyon otal a garin nan. "Muna da wuta awa 24" magana ce da kowa ke faɗa. Kai ka tambaya dalla-dalla: ƙarfe nawa ake tayar da janareto, ƙarfe nawa ake kashewa? Idan an koma kan sola da batir, me suke ɗauka? A wurare da dama fanka da ƙwan fitila da talabijin kawai suke ɗauka, iyakwandishan sai NEPA ta kawo. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan layin Band A, wato rukunin da aka ware wa wuta mafi yawan awanni, a watan Afrilun 2024, ga kuma tsadar man dizal, ƙananan otal-otal lissafin kowace awa suke yi, kuma ba laifi ba ne, laifin shi ne a ɓoye wa baƙo. Idan aka ɗauke wuta da dare, ɗauki agogon wayarka a bidiyo, ka sake ɗauka lokacin da ta dawo. Mutumin da zai kwana a Kaduna a zafin Maris da Afrilu, wannan daƙiƙa ashirin ɗin ta fi masa duk sauran bidiyon amfani. Ka kuma lura da ɗakunan da ke jikin janareto, ka faɗi lambobinsu ko ɓangarensu don mutane su nemi wani gefen.

Gwada intanet ɗin otal a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ba a wurin karɓar baƙi ba. Shafin fast.com zai nuna maka gudunsa nan take. Duba layin MTN da Airtel da Glo a ɗakin ma. Yi odar abinci ka duba agogo. Da ƙarfe 11 na dare ka saurara, idan ka farka da ƙarfe 2 ka sake saurara. Da asuba ka buɗe famfo, domin a lokacin ne kowa ke wanka kuma a lokacin ne tankin da ba a cika ba yake ƙarewa. Karin kumallo kyauta ne? Na mutum ɗaya ne ko biyu? Shayi da burodi da ƙwai ne, ko akwai kunu da ƙosai?

Kada ka fita ba ka zauna da maigadi ba. Gaishe shi da kyau, "Baba, sannu da aiki, ya dare?", ka ɗan zauna a bencinsa. Shi zai gaya maka ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ko ana buɗe wa wanda ya dawo ƙarfe 1, ko layin yana cika da ruwa a watan Agusta, ko mota tana kwana lafiya a waje idan ciki ya cika, da inda za a samu keke da duku-duku. Ka ji, ka amfana, amma kada ka sa fuskarsa ko ka ce shi ya faɗa.

Abu na ƙarshe, auna nisa da minti, a lokacin da mutane ke tafiya da gaske. "Kusa da tsakiyar gari" ba bayani ba ne. Minti nawa daga tashar Rigasa da yamma? Daga filin jirgin sama fa? Daga tashar Kawo, ko ta Mando, ko garejin Television? Nawa ɗan keke ya karɓa?

Mataki na huɗu: izini da sirrin mutane

Ɗakin da ka biya, ɗauki abinka. Harabar otal da ɗakin cin abinci da ɗakin taro kuwa, nemi izinin manaja, amma da safe, bayan ka riga ka kwana ka ga abin da za ka gani. Kada fuskar wani baƙo ta fito, ko lambar mota, ko littafin rajistar baƙi. Kowa ya san yadda ake kallon otal a wurinmu. Mutum ya zo taron ofis, ya gifta ta bayanka na daƙiƙa biyu, wani ya yanke wurin ya tura wa matarsa, ka kashe aure ba ka sani ba. Ban da haka akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023. Idan wani ya shigo hoto, yanke wurin ko ka dusashe fuskar.

Jirgi marar matuƙi kuwa, manta da shi tukuna. Tashinsa na buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama ta NCAA da tantancewar ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, kuma Kaduna garin soja ne: ga hedikwatar runduna ta ɗaya, ga sansanin sojan sama a Mando, ga NDA, ga masana'antar makamai ta DICON a Kakuri. Hoton rufin otal bai kai ka kwana a bayan kanta ba.

Mataki na biyar: haɗawa da sakawa

A daƙiƙa goman farko faɗi sunan otal, da unguwa, da abin da ka biya, da ranar da ka kwana. Bar doguwar gaisuwa da "kafin mu shiga, ku danna", masu kallo sun wuce kafin ka gama. Bi tsari ɗaya a kowane bidiyo, hanya, farashi, ɗaki, banɗaki, wuta, abinci, dare, sannan wanda wurin ya dace da shi, don mai kallo ya iya gwada wannan da wancan. Daga kwana ɗaya ka fitar da dogon bidiyo na YouTube, da gajeru uku ko huɗu na TikTok da Facebook da Instagram. Idan dogon ya kai minti 8, YouTube na ba da damar sa talla a tsakiyarsa, amma kada ka ja magana don kawai ka kai.

Rubuta take yadda mutum zai nema: otal mai sauƙi kusa da tashar Rigasa, masaukin iyali a Malali. Sunan otal ka rubuta shi daidai yadda yake a allonsu. Kada ka ɗora waƙar wani mawaƙi a ƙarƙashin muryarka, kuɗin tallan bidiyon zai iya komawa wurin mai waƙar. YouTube na da rumbun kiɗan da ya halatta a yi amfani da shi. Rubuta gajeren ra'ayinka a Google Maps ma, manajoji suna karanta shi fiye da yadda kake zato. Kuma kada ka saki bidiyo kana cikin ɗakin. Bari sai ka koma gida.

Mataki na shida: inda kuɗin yake

Kowa YouTube yake fara hange. Don a fara raba kuɗin talla da kai, sai ka tara masu bin tasha 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Idan ka shiga, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo naka ne, kuma ba a turo maka sai ya kai dala 100. Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya biyan kuɗin talla a 2024. A TikTok, abin da mutanenmu suka fi samu kyautar masu kallo ce a shirin kai tsaye da tallan 'yan kasuwa. Duk ka nema, amma ka ɗauke su a matsayin ƙari. Masu talla ba sa biyan kuɗi mai yawa a kan mai kallo daga Najeriya, kuma bidiyon otal a gari ɗaya ba irin wanda miliyoyi ke kallo ba ne. Ƙarfinsa shi ne 'yan kaɗan ɗin da suka kalla da jaka a hannu suke.

Hanyar da ta fi saurin kawo kuɗi ita ce yi wa otal aikin kansa. Shiga shafukan ƙananan otal-otal na Kaduna ka gani: hoto mai duhu, lambar wayar da ba ta shiga, sanarwar barka da salla ta shekarar da ta wuce. Ka yi musu tayin ɗaukar hotunan ɗakuna da gajerun bidiyo don su sa a shafinsu, ko ka riƙa kula musu da shafin ana biyan ka duk wata. Wannan aikin nasu ne, da sunansu yake fita, babu hukuncinka a ciki. Otal uku ko huɗu a kan biyan wata-wata su ne za su riƙe maka gida kafin sauran su kankama.

Ta biyu la'ada. Ku yi yarjejeniya da otal cewa duk wanda ya ce daga wajenka yake a rage masa wani abu, kai kuma a ba ka kamasho. Matsalar ita ce lissafi, domin mai karɓar baƙi ba zai tuna ya rubuta ba, wani ma da gangan. Maganin shi ne baƙo ya fara yi maka magana ta WhatsApp Business, kai ka tura sunansa da ranar zuwansa ga manaja a rubuce, ƙarshen wata ku zauna da jerin. Inda la'ada ke da auki shi ne kama ɗakuna da yawa lokaci ɗaya: dangin ango daga Katsina masu neman ɗaki goma sha biyar, ko ƙungiyar da ke shirya bita ta kwana uku tana neman ɗakin taro da abinci. Ciniki ɗaya irin wannan zai iya fin abin da YouTube zai ba ka a watanni. Amma kuɗin ɗaki ya tafi asusun otal kai tsaye. Ranar da ka fara karɓar kuɗin baƙi a asusunka, duk famfon da ya ƙi kawo ruwa kai za a kira da tsakar dare. Shafin Booking.com ma yana da tsarin kamasho ga mai turo masu kama ɗaki, sai dai yawancin baƙinmu har yanzu waya suke kira su yi tiransifa.

Ta uku maƙwabtan sana'a: gidajen abinci, masu hayar mota, masu ɗakunan biki, masu sayar da turare da kilishi na tsaraba. Tallansu ya fi na otal kwanciyar hankali, tunda ba su kake dubawa ba.

Game da kwana kyauta: a ce ɗakin naira 40,000 ne, aka ce an ba ka. Otal ɗin ɗakin da babu kowa a ciki ya bayar, asararsa wankin zanin gado da ɗan man janareto. Kai kuma ka kashe kuɗin mota, da data, da kwana biyu kana yanka bidiyo, kuma gidanka yana nan Badarawa, ba rasa wurin kwana ka yi ba. A farko ka iya karɓa don ka tara aiki. Da mutane sun fara kiran otal suna ambaton sunanka, kuɗi ake magana.

Mataki na bakwai: zama da manaja

Kafin ka je, yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka buɗe asusun banki da sunan, domin otal mai akanta ba ya son tura kuɗi asusun mutum. Je da rana tsakiyar mako, ba Juma'a da yamma ba. Kada ka fara da yawan mabiyanka. Ka ce, "Ranka ya daɗe, na kwana a nan watan jiya da kuɗina, ga bidiyon. Ga garuruwan da aka fi kallonsa, Kano da Abuja da Zariya, ga kuma saƙonnin masu tambayar lambarku." Buɗe wayar ka nuna masa. Manaja ya gaji da samari masu neman ɗaki kyauta, amma bai saba ganin wanda ya zo da shaidar masu saye ba.

Duk abin da kuka yanke a rubuta, ko a takarda ɗaya ce: bidiyo nawa, hoto nawa, yaushe za a kawo, rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko ranar miƙa aiki, da tsawon lokacin da za su yi amfani da shi a tallansu. Idan bidiyon a tasharka zai fita, sa sharaɗin cewa za su iya gyara maka kuskuren farashi ko lamba, amma ba za su cire abin da ka gani ba. Nemi a nuna maka ɗaki mafi araha, kuma kai ka zaɓi lambar. Sannan ka faɗa da bakinka a farkon bidiyon: otal ɗin nan ne ya ɗauki nauyin kwanana. Wasu suna tsoron hakan zai rage musu daraja. Abin da ke zubar da daraja shi ne mai kallo ya gano da kansa. Ka kuma sani cewa hukumar kula da talla ta ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ta ce tallan da ake biya a yi a shafukan sada zumunta shi ma yana buƙatar tantancewarta kafin a sake shi, don haka ku tsayar da wanda zai nemi wannan izinin tsakaninka da otal.

Mataki na takwas: idan wurin bai yi ba

Fara kai ƙara wurin karɓar baƙi kamar kowane baƙo, ka ga abin da za su yi. Otal ɗin da hitarsa ta mutu aka sauya maka ɗaki cikin minti goma ya cancanci a faɗi hakan. A bidiyo ka tsaya kan abin da kyamara ta gani da ranar da ta gani: na buɗe famfo ƙarfe 6 na safe babu ruwa, na faɗa, aka kawo bokiti ƙarfe 7. Kada ka ce ɓarayi ne, kada ka ce 'yan damfara ne, kada ka maimaita abin da wani ya ce maka an yi masa. A 2023 an kama wata mata a Legas bayan ta rubuta ra'ayinta kan wani tumatirin gwangwani a Facebook, shari'ar ta ja lokaci. An yi wa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 gyara a 2024, amma mai kuɗin da ransa ya ɓaci har yanzu yana iya kai ka ofishin 'yan sanda ko kotu. Rasit ɗinka da ɗanyen bidiyon da ba a yanka ba su ne garkuwarka, ajiye su a wuri biyu. Kada ka ambaci sunan ƙaramin ma'aikaci, shi za a kora, famfon kuma yana nan yadda yake.

Za a kira ka a ce nawa za a ba ka ka sauke bidiyon. Amsar ita ce ku gyara, in dawo ba tare da sanarwa ba, in ɗauki sabo. Kai kuma ko da wasa kada ka nemi kuɗi don ka yi shiru. Manajojin garin nan sun san juna, kafin mako ya zagayo labarin ya gama su.

Mataki na tara: bi kalandar gari

Saki bidiyo mako biyu zuwa uku kafin buƙatarsa ta taso. Otal-otal na ɓangaren Kawo da hanyar Zariya kafin baje koli, na Mando da kewaye kafin bikin NDA, gidajen 'yan biki kafin Disamba da bayan sallah, na Zariya kafin hawan sallah da lokacin da sababbin ɗalibai ke shiga ABU. Tsakanin bidiyon otal ka riƙa sa na gari, don tashar ta yi numfashi: Gidan Arewa a titin Rabah, gidan tarihi na titin Ali Akilu, gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru a Ƙofar Gamji, kasuwar Barci. Tarihin otal-otal ɗin kansu ma yana jan dattawa, irin Hamdala da ke nan tun zamanin Sardauna, da Durbar da aka gina don bikin FESTAC na 1977 aka rushe a 2020.

Idan ƙafarka ta yi ƙarfi ka fita waje: Kajuru Castle, da ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, da Kagoro lokacin bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. Kafin kowace irin wannan tafiya, tambayi direbobin tasha da mutanen wurin halin da hanya ke ciki a wannan makon, ka yi tafiyar rana, kuma ka gaya wa masu kallo ranar da ka bi hanyar, kada wani ya dogara da bidiyon bara.

Maganar gida kuma a gama ta da wuri. Zaunar da iyaye ko mai ɗakinka ka nuna musu aikin tun kafin wani ya kai musu labarin an gan ka kana fitowa daga otal da safe. Ke 'yar'uwa mai sha'awar sana'ar, kina da abin da maza ba su da shi, domin mata masu tafiyar aiki bakinki za su fi yarda da shi. Tafi da muharraminki ko abokiyar aiki, kuma wani a gida ya san sunan otal da lambar ɗaki.

Farashi a ƙasar nan ba ya zama wuri ɗaya, manaja yana sauyawa, janareto yana mutuwa. Duk bayan wata uku ware yini ɗaya ka kira otal-otal ɗin da ka taɓa dubawa, ka gyara farashin a rubutun ƙarƙashin kowane bidiyo tare da kwanan wata. Wanda mutane biyu ko uku suka ce maka ya lalace, sa shi a sahun gaba na wuraren da za ka koma ka kwana da kuɗinka.